Zawarcin Uwar Aro

"Mai Sauti? Mutumin nan mai yawo da doguwar sanda mai gashi a ka? Haba Inna! Wallahi ban yarda ba."

Babban ɗanta ne ke wannan magana, yana tsaye a tsakiyar falo da makullin mota a hannu, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da fankar da ke juyawa a kansa.

Uwar Aro ta sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci, ta ajiye takardun wasan gobe a hannun kujera, ta dube shi sama da ƙasa.

"To zauna mana, Babana. Magana a tsaye ai ta ɗan aike ce."

Sunan mahaifinta gare shi, shi ya sa ba ta kama sunansa ko da faɗa take yi masa. Ya zauna a bakin kujera, irin zaman wanda bai haƙura ba.

"Inna, ki duba fa. Mutum kamar Alhaji, mai gidajen mai a kowace babbar hanya, ya tako da ƙafarsa har ofis ɗina ya ce ke yake so. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk sun kama gabansu, babu mai ce miki kanzil. Ki shiga gida ki miƙe ƙafa. Sai kuma ki ce mini wai Mai Sauti? Me ya tara, ban da wayoyi da tsohon babur?"

"Wa ya ce maka na gaji, da zan miƙe ƙafa?"

"Gwiwarki ce ta gaya mini. Tun daga ƙofar gida nake jin ƙararta."

Dariya ta kuɓuce mata ba ta shirya ba. Yaron nan bakinta ya ɗauko, babu tantama.

Sunan Uwar Aro ya daɗe da binta. Tun tana da ƙuruciyarta wani darakta ya kalle ta ya ce fuskarta ta uwa ce. Aka ɗaura mata ɗankwali irin na tsofaffi, aka zana mata layi a goshi, ta fito a matsayin uwar wata jaruma da ta girme ta nesa ba kusa ba. Daga ranar ba ta sake fita daga uwa ba. Ta haifi jarumai a fim da talabijin sun fi a ƙirga. Ta yi uwa mai haƙuri, ta yi uwa mai masifa, ta yi maƙwabciya mai leƙe ta katanga. Ta mutu a gadon asibiti, ta mutu a kan tabarma, akwai ma fim ɗin da tun kafin a fara ta riga ta mutu, hotonta kawai aka rataye a bango, kuma aka biya ta.

Ba a taɓa sa fuskarta a tsakiyar fastar tallan fim ba. In an sa ta, can a kusurwa ne, 'yar ƙarama kamar kan sarki. Abin bai taɓa hana ta barci ba. Takan ce jaruma ruwan sama ce, damina ɗaya ko biyu a manta da ita, uwa kuwa rijiya ce, rani da damina ana zuwa ɗiba. Da wannan rijiyar ta rene 'ya'yanta bayan rasuwar ubansu, da ita ta ɗora rufin falon nan da ake yi mata tsawa a ciki.

Shi kuwa Mai Sauti, mai ɗaukar muryoyi a wurin shirya fim, tun zamanin kaset suke aiki tare. Siriri ne, mai furfura a gemu, ba ya magana sai ta kama, kamar wanda ke tsoron ɓata wa wani ɗauka. Shi ma matarsa ta daɗe da rasuwa. Ranar da ya furta yana son ta, yana tsugune ne yana canja batir a makirfo, bai ko ɗaga kai ba.

"Duk muryoyin da suka bi ta kunnena, taki ce kaɗai ban gaji da ji ba. In ba damuwa, ina so in riƙa jin ta ba da waya a kunne ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ita da ta ji kalaman soyayya iri-iri ana zuba wa 'yan mata a gaban kyamara, sai ga shi ta koma gida tana murmushi ita kaɗai a motar haya, har direba ya tambaye ta ko lafiya.

"Yau da la'asar Alhaji zai zo ya gaishe ki," ɗan nata ya ce yana miƙewa. "Gaisuwa kawai. Don Allah Inna, kada ki ba ni kunya."

"Baƙo ai ba a korarsa," ta ce, ta mayar da tabarau.

*

Da Alhaji mugu ne, da abin ya zo mata da sauƙi. To ba mugu ba ne. Ƙaton mutum ne mai ƙamshin turare da sanyin hali, ya cire takalmi tun daga baranda, ya zauna a ƙaramar kujera ya bar babbar. Da aka kawo masa shayi, hannu biyu ya sa ya karɓa.

"Hajiya, ni ba mai kallon fim ba ne," ya ce. "Marigayiya ce mai kallo. Da ciwo ya kwantar da ita, babu abin da take jira duk mako sai shirin nan naku mai dogon zango, wanda kika fito uwar yaron nan marar kunya. Ina zaune gefen gadonta, tun ina kallo don ita har na koma kallo don kaina."

Ya ajiye kofi, ya share ido da gefen hannun riga.

"Ranar da ya watsa miki kaya waje, kika tsaya a bakin ƙofa kika ce Allah ya yi masa albarka, wallahi kuka muka yi, ni da ita. Ta ce mini, Alhaji, irin wannan mace ai ta ƙare a duniya. Tun da ta tafi, maganar nan ba ta bar ni ba."

To, sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba. Aikin mai fitowa a gefe shi ne ta dubi wanda ke gabanta, ta gane abin da yake bukata don fitowarsa ta yi kyau, ta miƙa masa. Abin da Uwar Aro ta yi shekara da shekaru tana yi ke nan, har ya zame mata kamar numfashi. Ga mutum a gabanta yana hawaye, yana neman uwar nan mai haƙuri. Kafin ta ankara kafaɗunta sun sauka, kanta ya sunkuya, muryarta ta koma can ƙasa, mai laushi kamar auduga.

"Ai haƙuri shi ne maganin zaman duniya, Alhaji."

"Ka ji ko!" Alhaji ya juya ga ɗanta, fuskarsa ta washe. "Ka ji ta! Ita ce wallahi, ita ce!"

Ɗan ya gyara zama, yana ta murmushi kamar shi ake zawarci.

"Hajiya, ba zan ja ki da nisa ba, mu ba yara ba ne," Alhaji ya ci gaba. "Ina so ki zo ki zauna a gidana ki huta. Wahalar rana da ƙurar nan ta isa haka. Ba ke ba fita aiki kuma. Me kika gani?"

A nan ne ya kamata ta ɗaga kai. Amma bakin ya riga ya hau hanyar da ya sani.

"Duk yadda aka yi daidai ne," ta ce.

Alhaji ya tashi da farin ciki har yana neman mantawa da hularsa. Ya ce ƙarshen mako zai dawo da 'yan'uwansa a yi magana ta manya. Ɗan ya raka shi har mota, tana jiyo dariyarsu daga waje.

Ita kuwa ta zauna ta zuba wa kofin shayin ido. Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku. Me na ce wa bawan Allah nan?"

Magana zarar bunu, ta riga ta fita.

*

Washegari a wani gidan haya ake ɗauka. Injin wuta na ta ruri a bayan katanga, wayoyi sun kwanta a tsakar gida kamar macizai, an lulluɓe tagogin falo da baƙin yadi. A ɗakin da aka ware wa mata, Mai Kwalliya ta zaunar da ita gaban madubi. Tare suka tsufa a harkar, babu abin da ɗaya ke ɓoye wa ɗaya.

"Amarya ba kya laifi," Mai Kwalliya ta ce tana shafa mata hoda. "Ashe gidan mai za mu koma? A riƙa tuna mu da ko galan ɗaya."

"Ke kuma wa ya gaya miki?"

"Matar ɗanki ta gaya wa telarta, telar kuwa ƙanwar mai kawo mana abinci ce. Kafin a tada inji kowa ya ji."

"Har shi?"

"Mutumin da sana'arsa ji ce kike tambaya ko ya ji? Rufe ido in zana miki tsufa, ko da yake yanzu aikin ya ragu, Allah ya ɗauke mini rabi."

"Allah ya shirye ki."

Mai Kwalliya ce ta maƙala mata ɗan ƙaramin makirfo a cikin wuyan riga, don Mai Sauti bai taɓa sa wa mace da hannunsa ba, sai dai ya miƙo daga bakin ƙofa. Yau ma ya miƙo, ya gaisa da kowa a jimla, ya koma kan akwatinsa.

Fitowar farko ta sabuwar jaruma ce, yarinya kyakkyawa da aka ɗauko kwanan nan, ga tsoro kamar farar kura. Za ta roƙi uwarta gafara, kyamara a kan fuskarta ita kaɗai. An yi ta ɗauka tana kakarewa, Darakta ya fara cire hula yana mayarwa. Uwar Aro ba ta cikin hoton, tana iya zama a inuwa wani ya karanto maganarta daga takarda. Ta tashi da gwiwar nan tata, ta je ta tsaya daf da kyamara, inda fitila ke gasa ƙeya.

"'Yata, manta da wannan ƙarfen. Ni za ki kalla. Kin taɓa ɓata wa uwarki rai?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"To ni ce ita. Gaya mini."

Darakta ya ce a fara. Uwar Aro ta ba ta maganar a hankali, ta ɗaure fuska, ta kau da kai daidai lokacin da ya kamata. Sai ga yarinya ta ɓarke da kuka na gaske, magana na fita tiryan-tiryan. Da aka yanke, falon ya ɗauki tafi, kowa na yaba jaruma. Uwar Aro ta koma gefe tana goge ƙeya, zuciyarta fari ƙal. Wannan daɗin ne ba ta san yadda za ta bayyana wa ɗanta ba, daɗin ɗora wani a kafaɗa ya tsinko abin da ke sama.

Akwai wata 'yar hanya da ita da Mai Sauti suke gaisawa tun da ya furta. In ana gyara fitilu, takan sunkuyar da kai ta yi raɗa a cikin makirfon wuyanta, shi kaɗai ke ji daga can ƙarshen ɗaki, sai ya taɓa gemu alamar saƙo ya iso. Ta sunkuya.

"Malam, ina kwana. Ina son magana da kai."

Ta saci kallonsa. Abin sauraren da yake sawa a kunne na rataye a wuya. Ya cire.

Sai da aka tashi cin abinci ta same shi a lungun da ke tsakanin kicin da katanga, yana naɗe waya a gwiwar hannu. Ta tsaya nesa kaɗan, yadda duk mai wucewa zai gan su.

"Yau kuma kurma ka zama?"

"Na ji abin da ya ishe ni tun da safe. An ce kin amsa."

"Ban amsa ba."

"Me kika ce?"

Ta faɗa a ciki-ciki. "Na ce duk yadda aka yi daidai ne."

Hannunsa ya tsaya a kan wayar. Ya dube ta, sai gefen bakinsa ya motsa.

"Wannan ai maganarki ce ta fim, ni na ɗauke ta. Ranar da zakaran maƙwabta ya hana mu sakat, muka yi ta maimaitawa. Da wace murya kika faɗa masa?"

"Ta ƙasa."

"Innalillahi. To ai kin gama da bawan Allah."

"Kada ka yi mini dariya, ina cikin wani hali."

"Ba dariya nake ba." Ya rataye wayar a ƙusa, ya juyo sosai. "Ki saurare ni. Ni ba zan shiga tsakaninki da ɗanki ba. Shi ya tsaya miki lokacin da ba ni nan, kuma abin da yake nema miki ba sharri ba ne. Alhaji zai iya ba ki abin da ni ko a mafarki ba zan iya ba. Ni abin da nake da shi kin san shi: ɗaki biyu, babur mai tari, da hannun da ya iya dafa shayi. In kin zo, da safe mu fito aiki tare, da yamma mu koma tare. Shi ke nan."

"Ai shi nake so." Idonta ya ciko.

"Ni kike gaya wa. Ni kuwa na riga na sani, na san muryarki ta aiki, na san taki. Su ne ba su sani ba. Kin saba a miƙo miki magana a takarda ki zuba mata rai. Wannan kuwa babu mai rubuta miki."

"To ka zo gidan mana, ka yi wa Babana magana da kanka."

"Ba zan zo ba sai kin faɗa da bakinki. In na zo yanzu, cewa za a yi na hure miki kunne." Ya ɗauki sandarsa. "In kuma kin yi shiru har suka zo suka tafi, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Ni mai sauti ne, na san shiru ma amsa ce."

Ya wuce. Daga cikin gida Darakta na ta kiran a kawo uwar jaruma.

*

Ranar da su Alhaji za su zo, tun da hantsi ɗanta ya iso da katan-katan na lemo, ya sa aka share baranda, aka jera kujeru. Yana ta kai da kawo yana gyara labule, har da 'yar waƙarsa.

"Babana, bar labulen nan ka zo."

Ya zo ya tsuguna gabanta.

"Ba zan auri Alhaji ba."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. "Inna, da kunnena na ji kin amsa."

"Bakina ne ya amsa, ba ni ba."

"Wace irin magana ce wannan? Mutane suna hanya! Da wane ido zan kalle shi? Me zan ce masa?"

Sai kukan da ta kwana biyu tana dannewa ya ƙwace. Hawaye ya gangaro, kafaɗunta suka hau rawa.

"Ka tausaya mini, ɗana. Duk rayuwata ban taɓa neman komai don kaina ba. Yanzu da tsufana, abu ɗaya da zuciyata ta kwanta da shi..."

"Inna." Ya miƙe tsaye, muryarsa a sanyaye. "Don Allah ki bari. Wannan kukan na san shi."

Ta ɗago.

"Kin manta ni nake riƙe miki takarda ina ƙarami? A ɗakinmu na haya, gaban madubin nan mai tsaga. Ni nake karanta maganar mugun ɗa, ke kina gwada kuka. Hawaye ya fara ta idon hagu, kafaɗa ta yi rawa, sannan ki kama bakin gyale ki kai hanci. In bai yi ba ki ce mu sake. Na haddace shi, Inna."

Ta dubi hannunta. Yana riƙe da bakin gyale, ya yi rabin hanya zuwa hanci.

Ba a taɓa marinta da magana irin wannan ba. Kukan na gaske ne, Allah shaida, daga can cikin hanjinta ya taso. Amma ta hanyar da aka saba ya biyo, don ba shi da wata. Ta sayar da hawayenta a kasuwa har ɗan cikinta ya kasa gane na gida.

Ta saki gyalen. Ta sa bayan hannu ta goge fuska da ƙarfi, yadda ba a yi a gaban kyamara don kada hoda ta ɓaci. Ta buɗe baki, ta nemi magana mai kyau, duk wadda ta zo sai ta tuna fim ɗin da ta faɗe ta. Ta watsar da su.

"Shi... mutumin nan... in na yi tari, shi ne yake fara ji. Ba wannan nake so in ce ba. Tsaya." Ta sake farawa. "Ni ba mai haƙuri ba ce, Babana, kai ka sani. Ina da faɗa. Ina munshari. Alhaji wata mata yake so, ta cikin talabijin, wadda ake watsa wa kaya ta sa albarka. Ni in ka watsa mini kaya, sai unguwa ta taru. In na shiga gidansa, wasa zan yi ta yi masa safe da yamma, babu mai cewa a yanke. Zan... ba zan iya ba. Shi kuwa wancan, ya ji ni ina zagin Darakta a ciki-ciki, ya ji cikina na kukan yunwa, duk ya ji, kuma ya ce... ya ce bai gaji ba. Aikin ma ina so. Ban san yadda zan... ina son shi dai. Ina son aikin, ina son mutumin. Shi ke nan. Ban iya faɗa da kyau ba."

Ta tsaya tana haki kamar wadda ta hau bene.

Ɗan ya daɗe yana kallonta. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin uwarsa ta yi tuntuɓe a magana ba. Ko cinikin albasa take yi, magana a jere take fito mata kamar an tsara. A hankali ya koma ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar kujerarta.

"Akwai wata rana," ya ce, ba ya kallonta, "ina hanyar makaranta ana ruwa, na hango ki a bakin titi kina jiran motar 'yan fim, kin rufe kai da leda. Abokaina suna nuna ki suna dariya, wai ga matar da ta mutu jiya a talabijin. Na yi kamar ban san ki ba, na wuce. Tun ranar na rantse sai na zaunar da ke inda ruwa ba zai sake taɓa ki ba."

Yanzu shi ne ke hawaye, kuma nasa ba shi da tsari ko kaɗan, har da majina.

Ta ɗora hannu a kansa, a kan sanƙon da ya fara leƙowa.

"Na gan ka ai."

"Kin gan ni?"

"Na gan ka, ka sunkuyar da kai kamar ɓarawon akuya. Na ce madalla, gara ya wuce kada ya makara. Babana, ranar nan da ka gan ni a ruwa, murna nake. An ba ni fitowa mai tsawo, ina ta bitar ta a ƙarƙashin ledar. Kai ka ga wahala, ni kuwa ina hanyar zuwa inda nake so. Ka riga ka fitar da ni daga ruwa, ga mota kana aiko mini. Kada kuma ka fitar da ni daga raina."

Ya ja hanci. Suka zauna haka, fanka na juyawa, ƙamshin turaren da aka sa don baƙi ya cika falon.

"Shi Mai Sautin," ya ce can, "babur ɗin nan nasa yana da birki kuwa?"

"Yana da shi. Sai dai a fara taka shi tun daga nesa."

"Ba za ki hau shi ba. Wannan kam ban yarda ba, ko za ki yi kukan duniya." Ya share fuska da hularsa. "Ki ce masa ya zo in gan shi. Amma ya bar sandar nan a gida, kada ya tsorata mini yara."

Ba ta kai ga amsawa ba aka yi hon a ƙofar gida. Ƙofofin mota suka buɗe, suka rufe, muryoyin maza suka cika waje, ta Alhaji ta fi kowacce fara'a.

Ɗan ya zabura. "Ki shiga ciki, Inna. Ni zan tare su, in san abin da zan ce."

"Zauna. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Ta dafa hannun kujera ta miƙe, gwiwa ta yi ƙara. Ba ta duba madubi ba, ba ta gyara ɗankwali ba. Ta ratsa falon, ta ɗaga labule, ta fita baranda ita kaɗai, rana ta haske mata fuska gaba ɗaya.

Alhaji na gaba, cikin fararen kaya, 'yan'uwansa na biye. Yana ganinta ya washe baki, idonsa ya cika da irin murnar da ke karya zuciya. Nan take ta ji kafaɗunta na neman sauka, muryar nan mai laushi ta taso ta tsaya mata a maƙogwaro, tana jiran a ba ta hanya.

Uwar Aro ta yi gyaran murya, ta haɗiye ta. Ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido, ta yi magana da muryarta ta gida, mai kaushi, wadda take kiran mai gyaran famfo da ita.

"Alhaji, sannunku da zuwa. Kafin ka cire takalmi, ka ɗan matso gefe. Akwai maganar da zan gaya maka, kuma ba za ta yi maka daɗi ba."